Takalman Bara

Babanmu ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama kallon ƙafarsa. Duk wanda ya tsaya a ƙofar shagonsa ya yi sallama, Baba zai amsa kai a sunkuye, sai ya ga dunduniya da yatsu sannan ya ɗago ya ce, a'a, ashe kai ne. Inna ta sha faɗa mana cewa ranar da ya fara zuwa wajenta ma hakan ya yi, har ta ɗauka kunya ce, ashe maɗaurin takalminta ya hango ya kusa tsinkewa. Da ɗinkin takalma ya tashi, a cikinsa ya yi furfura, kuma ban san wani abu da ya iya bayan shi ba. Ko shayi bai iya haɗa wa kansa ba.

Shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin gidanmu, ƙofarsa na kallon titi. Benci ɗaya ne na masu jira, sai guntuwar kujerarsa da ta lotsa daidai zamansa, da akwatin katako inda yake zuba wuƙaƙe da zare da basilla, wato babbar allurar ɗinkin fata. Warin fata da gam ya kama bangon, ya kama rigunansa, har mu da muke yara a makaranta ana gane 'ya'yan waye mu da hanci. A da mutane zuwa suke a auna su a yi musu sabo. Akwai wani direba mai gajeriyar ƙafa ɗaya da Baba ya yi wa takalmi ya daina ɗingishi, har yau in ya wuce sai ya danna masa hon. Da takalman kanti da na roba suka cika kasuwa, sai aikin ya koma liƙe wannan, ɗinke wancan. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai in aka miƙo masa tsinkakken silifas yakan riƙe shi da yatsu biyu kamar an ba shi mataccen ƙadangare.

Mu biyu ya haifa, ni da Yaya. Ni ce na rage a gida, ina aiki a kantin magani da ke kan kwanar layinmu. Yaya kuwa aure ya kai ta nesa, can inda mijinta ke aiki, tafiyar yini guda cur a mota in hanya ta yi kyau. Sau ɗaya take zuwa a shekara, in an yi dogon hutun makaranta, ta yi 'yan kwanaki ta koma. 'Ya'yanta su ne duk jikokin da Baba yake da su, kuma ba ya kiran su da sunayensu. Babbar, mace ce, ya sa mata 'Yar Sauri, don tun da ta fara tafiya ba ta taka ƙasa sai da gudu. Ƙanenta kuma Ƙaguwa, don a karkace ya koyi tafiya, kamar mai gudun kada ya buge wani.

Burin Baba ɗaya ne a duniya, kuma ba wani babba ba ne: ya ga jikansa ya fita daga gidansa sanye da takalmin da ya ɗinka da hannunsa. Shekara da shekaru abin ya gagara, kuma ba kowa ya jawo ba sai shi.

Ga yadda yake yi. Ranar da za su iso, tun da safe yake danna wa shago kwaɗo, ya sa makulli a aljihu. Duk kwanakin da suke gidan ba ya taɓa fata. Ko wa ya zo da tsinkakken takalmi sai ya ce masa yana da baƙi. Zai saɓa Ƙaguwa a wuya, ya riƙe hannun 'Yar Sauri, su tafi kan gada kallon manyan motoci, su dawo da balan-balan da riguna duk ƙasa. Mutumin da ba ya iya zama minti biyar hannu sake, sai ka gan shi kwance a tabarma yara na hawa cikinsa suna tuƙa shi.

Sai ranar komawa, an gama ɗaure jakunkuna, Yaya na faɗa tana neman hular Ƙaguwa, a lokacin ne zai fito da kwali da fensir. Ya ɗora ƙafar kowane yaro a kan kwalin ya zagaye ta da fensir, suna dariya suna janyewa don cakulkuli. Ya lalubi dunduniya, ya matsa babban yatsa, ya zagaya tsakiyar ƙafar da zare ya ƙulla. Mu raka su tasha, mota ta tashi, mu dawo. Abincin da Inna ta ajiye masa ko kallonsa ba ya yi. Shago zai buɗe ya shimfiɗa fata ya fara yanka. Kafin sati biyu ya gama, ya goge su har suna ɗaukar ido, ya jera a kan kantar shago, ya zauna jiran shekara ta zagayo.

In sun dawo kuma, takalma ba sa shiga. Ina za su shiga? Yaro ba icen benci ba ne da za ka bar shi ka dawo ka same shi yadda yake. Baba zai durƙusa ya tura, ya juya, ya shafa wa dunduniya ɗan mai, a banza. Daga nan ya miƙe ya ce wa Yaya me take ba su haka suke girma ba shawara. A yi dariya, ya mayar da takalman kan kanta. Ranar tafiya ya sake fito da kwali.

Ni abin haushi yake ba ni, kuma ba na iya yin shiru. Na ce masa ya ƙara yatsa biyu a kan awon, kowa haka yake saya wa yara. Ya ce takalmin da ya fi ƙafa yana koya wa yaro jan ƙafa, shi kuma tun da ya fara sana'a bai taɓa ɗinka wa mutum abin da zai yi iyo a ciki ba, ba zai fara a kan jikokinsa ba. Na ce to Yaya ta riƙa auna su da tef ta faɗa masa a waya in sun kusa zuwa. Ya dube ni kamar na ce a auna masa ruwa da kwando, ya ce ƙafa ba lamba ba ce, sai an riƙe ta. Inna ta ce a ba Ƙaguwa na yayarsa na shekarun baya mana, tunda sun isa shi. Ya ce ƙafar 'Yar Sauri siririya ce, ta Ƙaguwa faffaɗa, kuma ma ba don shi aka yi su ba. Da na ga duk ya toshe hanyoyin, na ce ya ɗinka musu suna nan, a auna yau a sa jibi, magana ta ƙare. Nan ne ya ajiye wuƙar da ke hannunsa.

"In na sunkuya a kan fata, wa zai kalle su?" ya ce. "Kwana nawa suke yi?"

Sai na ce ai shi ke nan, ya ci gaba da tara wa gizo-gizo, na fita ina ƙunƙuni.

Haka kantar ta cika. Daga hagu 'yan mitsi-mitsi da ba su kai tafin hannu ba, suna ƙara girma zuwa dama, ba wanda ya taɓa taka ƙasa. Mata masu kawo gyara sukan gani su yaba su ce a sayar musu, Baba ya ce masu su suna hanya. Inna da ke cewa aikin banza ne, ita ce ke shiga da tsumma duk sati tana goge musu ƙura in ya fita.

Sai da na ƙara hankali na gane abin da ke faruwa. Gidanmu in yaran nan suka tafi, shirun da ke sauka ba ya daɗin ji. Inna takan wuni tana kiran Ƙaguwa ya sauka daga kan randa, sannan ta tuna. Ni kaina na taɓa tsintar ƙafar 'yar tsana a ƙarƙashin gadona, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mutuwa. Kewa ce ke cin mu duka, kowa da yadda yake yi da tasa. Shi Baba da ita yake yanka fata. Muddin yana kan aikin, ƙafar tana hannunsa. Na gane haka, amma ban daina faɗan ba, don hali ne.

Ana nan idonsa ya fara hazo, hannun dama kuma ya soma rawa. Zura zare ya gagare shi. Kafin in tafi kantin magani sai in zura masa a basilla huɗu ko biyar in soke su a jikin tsumma, in ya ƙarar da su ya jira ni. Zuwan da su Yaya suka yi a wannan shekarar ya auna yaran kamar kullum, amma da muka dawo daga tasha ya daɗe zaune da kwalin 'Yar Sauri a cinya bai taɓa wuƙa ba. Ya ce mini wannan ne na ƙarshe da zai iya, na Ƙaguwa ma ba ya jin zai kai gare shi. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya tambaya:

"Yatsa nawa kika ce a ƙara?"

Na ce biyu. Na sha ɗokin ranar da zan ci wannan gardamar, da ta zo kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Jar fata ya zaɓa, mai laushi, wadda ya daɗe yana ɓoyewa a ƙasan akwati. Aikin sati biyu ya ɗauke shi watanni. Ya ɗinka ya warware, ya soki yatsa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da ya gama bai jera su da sauran ba, ya naɗe su a tsohuwar rigarsa ya ajiye a ɗakinsa.

Hutu ya zo, Yaya ba ta zo ba. Ciki ne da ita mai wahala, likita ya hana ta doguwar tafiya. Baba ya ce lafiyarta ta fi komai, kuma gaskiyarsa ya faɗa, amma na gan shi ya shiga ɗaki ya daɗe. Sai waya ta zama abin yi. Hoton da ake turowa ba ya ganinsa sosai, don haka ya ƙirƙiro nasa salon: ya ce wa Yaya ta ajiye wayar a ƙasa, 'Yar Sauri ta yi gudu ta wuce kusa da ita. Zai manna tamu a kunne ya rufe ido, mu kuma muna jin fat-fat-fat daga can nesa, da muryar Yaya tana cewa a yi hankali da wayarta. Ya yi murmushi ya ce tana nan yadda take, sai dai ta ƙara nauyi.

Sai hutu na gaba suka iso, kusan shekara biyu ke nan. Na je tarbarsu a tasha. Yaya ta sauko da jaririya a baya, fuska a yamutse, jaka a kowace kafaɗa, tana ba ni labarin yadda Ƙaguwa ya yi amai a kan buhun wani bawan Allah, taya ta fashe, jaririya ta yi kuka tun daga fitowa. Ina sauraronta da kunne ɗaya. 'Yar Sauri ce ta sauko a bayanta, ta yi tsawo, haƙoran gaba biyu sun fita, ni kuma da na gaji halin ubana sai idona ya sauka a ƙafarta. Ita ma ta girma sosai.

Da yamma muna kicin da Inna na kasa riƙewa, na ce mata ko yatsa uku aka ƙara takalman ba za su shiga ba, kuma su ne na ƙarshe, ban san yadda Baba zai yi ba. Inna ta ce in rufe bakina. Da na juya sai ga 'Yar Sauri a bakin ƙofa da kofi a hannu, ta zo neman ruwa. Na ba ta ruwan, ta sha tana kallona ta saman kofin, ta tafi.

A al'adarsa ranar isowa yake fito da takalma. Wannan karon bai fito da su ba. Ya rufe shago, ya karɓi jaririya ya lalubi 'yan yatsun ƙafarta ya ce wannan sai an ga tafiyarta kafin a sa mata suna. Gada kam bai iya zuwa ba, Ƙaguwa ma ya fi ƙarfin wuyansa, sai suka zauna a ƙofar gida yaran na faɗa masa launin motocin da ke wucewa. Kwanaki suka tafi, naɗin na ɗakinsa, ba wanda ya tayar da zancen.

Safiyar komawa, an fito da jakunkuna tsakar gida, sai 'Yar Sauri ta tsaya a gabansa ta ce, "Kaka, ina takalmina?"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko. Ya fara ƙoƙarin durƙusawa ya sa mata yadda ya saba, ta fizge naɗin ta ce ita yanzu babba ce, da kanta take sawa, ta shige ɗakina ta turo ƙofa. Ta ɗan jima. Da ta fito, jajayen takalman na ƙafarta, an ɗaure maɗauri tsaf.

"Sun yi mini daidai, Kaka."

Ya miƙa hannu zai laluba, ta ja da baya ta ce zai ɓata mata su da gam. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya yi dariya har da tari, ya kira Inna ta zo ta gani, ya ce mini ashe ina da kai ban da faɗa. Muna fita ya tsayar da mai shayin ƙofar gida, ya tsayar da mai wankin hula, kowa sai ya dubi ƙafar jikarsa. Yaya ta dube ni, na dube ta.

Tashar ba nisa, da ƙafa muke zuwa. Yaran na gaba, Yaya na binsu da kaya, ni ina baya Baba na riƙe da hannuna. Da farko yana ta zuba, yana ba ni labarin inda ya sayi fatar. Muna wuce kantin maganinmu maganar ta fara raguwa. Kafin mu kai kwanar tasha ya yi shiru gaba ɗaya, ya ɗan karkatar da kai gefe, yadda yake yi in ya manna waya a kunne.

A tasha ya nemi benci ya zauna. Ana loda kaya a saman mota, ya kira 'Yar Sauri. Ta zo a hankali.

"Tun daga gida ban ji gudunki ba," ya ce. "Ba ni ƙafar."

Ta ce ba komai. Ya ce ta ba shi. Ya ɗora ƙafar a gwiwarsa, ya kwance maɗauri da hannunsa mai rawa, ya zare takalmin da ƙyar. Yatsun sun tanƙware, dunduniya ta sale, jini ya ɗan taɓa fatar daga ciki. Ta fara kuka tana cewa ba zafi, wallahi ba zafi, tana roƙonsa ya mayar mata. Ya zare ɗayan ma, ya riƙe ƙafafun biyu a tafin hannuwansa yana murza su.

"Kin fita daga gidana da su," ya ce. "Kowa ya gani. Ya ishe ni."

Na ciro filasta daga jakata na liƙa mata, Yaya na tonon jaka tana neman tsohon takalmin robarta, hawaye na ɗiga a kan kayan yara. 'Yar Sauri ta rungume jajayen a ƙirji ta ce da su za ta tafi, Baba ya ce ai nata ne. Su ne na farko da suka taɓa barin gidanmu.

Kwandasta ya fara bubbuga mota yana kiran fasinja. Yaya ta tura Ƙaguwa ciki, ta miƙo wa yarinyar takalmin roba, amma ta ƙi karɓa. Ta tsaya a gaban benci ƙafa ba takalmi.

"Ba ka auna ni ba."

Baba bai zo da kwali ba, bai zo da fensir ba. Ya nuna mata hannunsa ya ce ta ga yadda yake yi. Ba ta saurare shi ba. Ta yage murfin kwalin biskit ɗin da Inna ta ba su na hanya, ta je wajen mai yankan tikiti ta aro biro, ta shimfiɗa kwalin a ƙasa ta taka. Na taimaka masa ya durƙusa. Biron na ta rawa ya ƙi tsayawa, sai ta sunkuya ta ɗora hannunta a kan nasa, suka zagaye ƙafar tare, layin na karkacewa, kwandasta na faɗa, direba na danna hon. Ta mayar da biro, ta shige mota da gudu, har Baba ya ɗaga kai da ya ji takun.

Muka dawo gida. Inna ta ajiye masa abinci, bai kalla ba. Ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya yi ta neman ramin kwaɗon har na karɓa na buɗe masa. Ya zauna a kujerarsa, ya jawo ragowar jar fatar, ya ɗora murfin kwalin biskit a cinya. Na buɗe baki zan ce masa wannan karon yatsa uku zai ƙara, sai na ga ya kifa tafin hannunsa a kan zanen ƙafar ya bar shi a nan. Na rufe bakina, na jawo akwati, na fara zura masa zare a basilla.